Ina Ne Ainihin Ƙauyen Tolkien, Matamata Ko Sarehole?

Da yawanmu fim muka fara gani kafin mu san akwai littafi. Finafinan "The Lord of the Rings" guda uku da darakta Peter Jackson ya fitar tsakanin 2001 da 2003 su suka shigo da sunan J.R.R. Tolkien gidajenmu. Shi ya sa idan ka tambayi mai kallo inda zai so ya ziyarta don tunawa da marubucin, nan take zai ce New Zealand. A can ne, a wata gonar tumaki kusa da garin Matamata, aka gina ƙauyen Hobbiton na cikin fim, da gidajen nan na cikin tudu masu zagayayyun ƙofofi. Da aka zo shirya finafinan "The Hobbit" sai aka sake gina shi da kayan da za su daɗe, ya zama wurin yawon buɗe ido.

Wurin ya yi kyau, ban musa ba. To amma Tolkien bai taɓa taka ƙasar ba har ya koma ga Mahaliccinsa a 1973. Wanda ya je Matamata, Peter Jackson ya kai wa ziyara.

In marubucin kake nema, sai ka nufi Birmingham ta Ingila. An haife shi a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu a 1892, mahaifinsa ya rasu a can a 1896, uwarsa Mabel ta zauna da 'ya'yanta biyu a Sarehole, wani ɗan ƙauye a wajen Birmingham, har zuwa 1900. Akwai injin niƙa mai aiki da ƙarfin ruwa a bakin rafin Cole, akwai kuma fadama mai duhuwa da ake kira Moseley Bog. A nan shi da ƙanensa suka yi ƙiriniya, ɗan mai niƙan yana korarsu, jikinsa fari fat da ƙura, har suka laƙaba masa suna Farin Dodo. Injin yana nan, an mayar da shi gidan tarihi, kuma Tolkien da kansa ya ba da gudummawar kuɗi lokacin da ake gyara shi a shekarun 1960.

Sai dai ƙauyen ya tafi. Birni ya haɗiye shi, gidaje da kwalta da motoci ta ko'ina. Mai ziyarar da ya zo da hoton fim a kansa zai ji an yaudare shi. Ni kuwa ina ganin a nan ne aka fi fahimtar littafin. Wanda ya karanta har ƙarshe ya san cewa da su Frodo suka dawo gida, sun tarar an sassare itatuwa, an rushe tsohon injin niƙa, an kafa wani ƙaton gini mai fitar da hayaƙi yana zuba ƙazanta a rafi. Wato sun ceci duniya, amma gidansu bai tsira ba. Wannan babin Jackson ya cire shi ɗungurungum. A fim sun dawo sun sami komai yadda suka bar shi, kore shar, kuma wannan tsaftatacciyar ƙaryar ce ake sayar wa mutane tikitinta a Matamata. Ina ƙaunar finafinan nan, amma cire babin nan har gobe yana ci mini rai.

A Birmingham ɗin ma a yi hattara da masu yi wa baƙi jagora. A unguwar Edgbaston, inda ya zauna bayan rasuwar uwarsa a 1904, akwai dogayen hasumiyoyi biyu, Perrott's Folly da ta gidan ruwa. Za a ce maka su ne asalin "The Two Towers". Labari ne mai daɗi, sai dai ba daga bakin marubucin ya fito ba.

Oxford kuwa, inda ya yi farfesa, abin ya fi yawa amma ya fi wuyar shiga. Gida mai lamba 20 a titin Northmoor, inda ya zauna daga 1930 zuwa 1947 ya rubuta "The Hobbit" da mafi yawan babban littafin, gidan zaman mutane ne. Iyakarka ka tsaya a titi ka kalli ɗan shuɗin allon da aka manna. A 2020 an yi gangamin tara kuɗi don a saye shi, kuɗin ba su kai ba. Mashayar Eagle and Child, inda yake haɗuwa da C.S. Lewis da sauran abokansa ranar Talata, an rufe ta a shekarar, lokacin annobar korona. Ko da ma, hira ake yi a can. Karanta wa juna rubutu a ɗakin Lewis na kwalejin Magdalen ake yi, daren Alhamis.

Kuma fa a tuna, mutumin nan masoya sun gallabe shi tun yana raye. Wasu su leƙa ta shinge suna ɗaukar hoto, wasu su bugo waya daga Amurka da tsakar dare. Wannan na daga cikin abin da ya sa ya tattara ya koma Poole, can bakin teku, a 1968.

Inda ba ka damun kowa shi ne maƙabartar Wolvercote, a arewacin Oxford. Kabari ɗaya ne, shi da matarsa Edith wadda ta riga shi da kusan shekara biyu. A ƙarƙashin sunanta an rubuta Lúthien, a ƙarƙashin nasa Beren, sunayen masoya biyu na cikin tatsuniyarsa: ɗan Adam, da 'yar jinsin da ba sa tsufa wadda ta zaɓi mutuwa saboda shi. Tushen labarin wata rana ce a 1917, yana soja yana jinya bayan dawowa daga fagen daga a Faransa, Edith ta yi masa rawa a wani kurmi kusa da ƙauyen Roos. Masu ziyara kan bar furanni da wasiƙu a kan kabarin. Wasu har zobe suke ajiyewa, abin da jarumin littafin ya sha baƙar wahala kafin ya rabu da shi.