Abin da Ke Riƙe Kawanya a Ƙugu

Jigida tana zama a ƙugu ne domin kwatangwalo ya fi ta faɗi, ba ta da hanyar wucewa. Ita kuwa kawanyar robar nan da yara ke juyawa a ƙugu, wadda aka sani da Hula Hoop, faɗinta ya isa yara biyu su shiga ciki su tsaya. Ba igiya, ba maɗauri, hannuwa kuma suna sama. Duk da haka na zauna na ga ɗiyar ƙanwata, 'yar shekara tara, ta riƙe ta a ƙugu tun ana tankaɗen gari har aka ɗora sanwa, tana ta hira da uwarta kamar ba abin da take yi.

Na lura da yadda take farawa. Ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya. Sai ta manna kawanyar a tsatsonta, ta ja ta gefe guda da hannu biyu, ta wurga ta da ƙarfi, a shimfiɗe, ba tare da ta karkace ba. Daga nan in kafaɗunta kake kallo, sai ka rantse tsaye take kawai. Motsin duk yana ƙasa, kuma ɗan kaɗan ne: ciki ya ɗan yi gaba, baya ya ɗan koma, gwiwoyi a sake. Da ƙanenta ya karɓa, sai ya kama murɗa jiki gaba ɗaya kamar mai tuƙa tuwon biki. Kawanya ta zagaya sau biyu, ta sauko cinya, ta sauko gwiwa, ta faɗi ƙasa tana karkarwa.

"Kai, daina bin ta," in ji yayar. "Bari ta zo cikinka tukuna, sai ka tura. In ka ji ta a bayanka, ka sake turawa."

Ban san malamin kimiyyar da zai faɗe shi a taƙaice fiye da haka ba.

Kawanyar birgima take yi a jikin mutum. Kamar garen da yaro ke turawa a kan hanya, sai dai nan hanyar ce a tsakiya, garen ya kewaye ta. A kowane lokaci wuri ɗaya tak take taɓawa, kuma wurin nan yana zagayawa: ciki, kwiɓi, baya, ɗaya kwiɓin. Sauran jikinta yana can a sarari yana neman ficewa, irin yadda dutse ke neman kuɓucewa daga majajjawa. Ƙugu ne ke hana shi. Saboda haka kawanyar take danne jiki a wurin da ta taɓa, kuma dannawar tana ƙaruwa da gudu fiye da yadda ake zato: in saurin zagayen ya ninka sau biyu, ƙarfin dannawar sau huɗu yake ninkawa.

Sai dai kowane zagaye yana cin ƙarfinta. Iska tana ragewa, gugar riga tana ragewa. Dole a riƙa mayar mata da abin da ta rasa, kuma a nan gwanintar take. Duk wanda ya taɓa tura yaro a lilo ya san cewa turawar ba ta buƙatar ƙarfi, lokaci take buƙata. Ka tura sa'ad da lilon ya fara tafiya gaba, ɗan yatsa ma ya isa. Ka tura yana tahowa, ka kashe masa gudu. Haka ƙugu yake wa kawanya: yana ɗan riga ta, yana janta kaɗan a daidai inda take nufa. Ƙanen yarinyar yana da ƙarfi, amma yana zuba shi inda ba a buƙata. Yayarsa tana kashe kaɗan, kuma ko ɗigo ba ya zubewa. Irin wannan tattalin ne ya sa wata mata mai suna Jenny Doan ta iya juya kawanya awa 100 a birnin Chicago a 2019, da ɗan gajeren hutun da ƙa'idar kundin Guinness ta yarda da shi.

Abin wasan a siffarsa ta yau a Amurka ya yi fice. A 1958 wasu abokai biyu, Richard Knerr da Arthur Melin, masu kamfanin Wham-O a Kalifoniya, suka samu labarin kawanyar gora da ake motsa jiki da ita a Ostareliya, suka ƙera tasu da roba. Sunan kuma daga rawar hula ta mutanen Hawai aka aro shi. Lissafin da aka fi ambata shi ne an sayar da miliyan 25 cikin wata huɗu. Shekara biyu bayan haka, a 1960, wani malamin Caltech, Thomas Caughey, ya buga lissafin yadda motsin ƙugu ke ciyar da zagayen gaba. A 2004 kuma Ramesh Balasubramaniam da Michael Turvey suka bi motsin gaɓoɓin masu juya kawanya, suka nuna cewa kwatangwalo da gwiwoyi da idon sawu suna aiki tare ne cikin tsari iri biyu, ɗaya na gaba da baya, ɗaya na sama da ƙasa. Aikin ya samo musu kyautar Ig Nobel, wadda ake bai wa binciken da ke sa mutane dariya da farko, daga baya ya sa su tunani.

Amma tambayar da ta fi damuna ta daɗe ba a warware ta sosai ba. Zagayawa daban, tsayawa a sama daban. Ƙasa tana jan kawanyar a kowace daƙiƙa, dannawar da muka ambata kuwa ta gefe ce. Me ke tura ta sama?

Amsar ta fito ne daga wani ɗakin gwaji na masana lissafi a Jami'ar New York, inda Leif Ristroph da ɗalibansa Xintong Zhu da Olivia Pomerenk suka yi wani aiki da ya burge ni saboda sauƙinsa. An buga shi a mujallar PNAS a daidai ƙarshen 2024. Sun ƙera ƙananan gangar jiki, kashi ɗaya cikin goma na girman mutum, suka lulluɓe su da roba don kada su yi santsi, suka ɗora su a kan injin da ke murɗa su, suka wurga musu kawanya mai faɗin kimanin inci 6, kyamara mai saurin ɗauka tana kallo. Siffa uku suka gwada.

Ta farko miƙaƙƙiya ce kamar bututu. Kawanya ta zagaya lafiya lau, amma tana zagayawa tana sauka, har ta kai ƙasa. Robar da aka lulluɓa ba ta cece ta ba, domin abin da ke birgima yana iya gangarawa ko da bai zame ba.

Ta biyu kamar mazurarin da aka kife, tsukakke a sama, buɗaɗɗe a ƙasa. Nan an samu abin da ake nema, wato gangara. Idan kawanya ta danne jikin da ke da gangara, jikin yana mayar mata da turawar a karkace, wani kaso gefe, wani kaso sama. Wannan kason na sama shi ne ke ɗauke nauyinta. Sai dai mazurari ba shi da amana. In kawanyar ta ɗan sauka, jikin ya ƙara kauri, filin da take shawagi ya ragu, dannawarta ta yi rauni, sai ta ƙara sauka. In ta ɗan haura, jikin ya sirance, ta samu fili, ƙarfi ya ƙaru, sai ta yi ta hawa har ta fice. Akwai wuri ɗaya da nauyi da turawa suka daidaita, amma zama a kansa kamar tsayar da ƙwai ne a kan tsininsa.

Ta uku ita ce mai siffar kalangu, tsukakkiya a tsakiya, buɗaɗɗiya sama da ƙasa. A nan kawanya ta samu mazauni, ɗan ƙasa da inda ya fi tsukewa. In ta zame ƙasa, sai ta tarar da gangara ta ƙara kwantawa, turawar sama ta ƙaru, ta dawo da ita. In ta haura, gangarar ta miƙe, turawar ta ragu, nauyi ya sauko da ita. Jikin da kansa yake gyara kuskuren, ba tare da kowa ya yanke shawara ba. Abu biyu ke nan ake buƙata: gangara da za ta ɗaga, da lanƙwasa da za ta tsare.

Kada mai miƙaƙƙen jiki ya karaya da jin wannan. Gangar jikin da suka gwada sandararriya ce, mutum kuwa yana lanƙwasawa. Wanda bai da gangarar halitta yana ƙirƙirarta da karkata ƙugu da lanƙwasa gwiwa a kowane zagaye, ya kuma ƙara sauri. Aikinsa ne dai ya fi yawa. Kuma sau da yawa laifin na kawanyar ne. Mutane suna ɗauka ƙarama ta fi sauƙi, alhali babba ce ta fi: filin shawaginta ya fi faɗi, don haka ko a hankali take zagayawa tana samun isasshen ƙarfi, jiki kuma ya samu sukunin jin inda take. Masu koyarwa sukan ce a tsayar da ita a ƙasa, in ta kai cibiya to ta yi, abin da ga babban mutum ya kai wajen mita ɗaya. Wurgin farko ma yana da muhimmanci, gwajin ya tabbatar. In ya yi sanyi, ƙugu ba ya samun abin kamawa.

Can wajen la'asar, uwar ta kira sunanta daga madafi, yarinyar ta waiwaya, kawanya ta zame ta sauko kan kwatangwalo tana rawa. Na ɗauka shi ke nan. Sai ta ɗan durƙusa, ta shigar da ƙugunta ƙarƙashinta, ta ƙara sauri sau uku ko huɗu, sannan ta miƙe a hankali, kawanyar ta biyo ta ta koma mazauninta.

"Kawu, ka gani?" ta ce, tana haki kaɗan. Sannan ta ɗaga murya: "Na'am, Umma, ina zuwa!"