Gidajen Tarihi da Manomin Ƙasar Malumfashi

Akwai gidaje iri biyu waɗanda Gwamnati ta kafa don tsare tarihin ƙasa. Na ɗaya shi ne gidan ajiye kayan tarihi, inda a ke tara abubuwan da mutanen dā suka yi da hannunsu, kamar su tukwane da takubba da tufafi. Na biyu gidan adana takardu, inda a ke jibge wasiƙu da rahotanni da littattafan haraji waɗanda ofisoshi suka gama aiki da su. Dukansu biyu an ɗora musu aikin ajiya, an kuma ɗora musu aikin koyar da jama'a. Wajen ajiya sun yi abin yabo gwargwadon ƙarfinsu. Amma wajen koyarwa akwai magana, kuma ba inda maganar ta fi fitowa fili kamar a ƙasar Malumfashi da Funtuwa, inda yawancin mutane manoma ne.

Aikin ba na jiya ba ne. An buɗe gidan kayan tarihi na Jos a 1952. A 1954 aka kafa ofishin adana takardun Nijeriya a Ibadan ƙarƙashin Dokta Kenneth Dike, daga baya aka yi masa reshe a Kaduna don takardun Arewa. A 1970 aka kafa Gidan Arewa a tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna, da Farfesa Abdullahi Smith a kansa. A Kano akwai Gidan Makama. A birnin Katsina kuwa, tsohon ginin Kwalejin Katsina, wanda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, shi aka mayar gidan kayan tarihi. Duk wanda ya shiga wannan gini na ƙasa, ya tuna a nan Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka zauna suna ɗaukar karatu, lalle ya sami abin da zai riƙe a ransa.

To, ta wace hanya waɗannan gidaje su ke koyar da mutane? Hanyarsu ta kullum ita ce a kawo 'yan makaranta cikin mota, wani ma'aikaci ya zaga da su ɗaki ɗaki yana yi musu bayani. Ran 18 ga watan Mayu kowace shekara, watau ranar gidajen tarihi ta duniya wadda aka fara a 1977, a kan yi taro da jawabai. Gidan Arewa ya kan kira masana su yi lacca, manyan mutane su hallara. Gidan takardu na Kaduna yana da ɗakin karatu inda mai bincike zai nemi fayil a ɗauko masa. Duk wannan alheri ne, ba mai musu. Yaron da ya ga tsohuwar ƙofar gari da idonsa ya fi wanda ya haddace sunanta don jarrabawa.

Amma fa dukan hanyoyin nan suna da sharaɗi guda, watau sai mutum ya je inda gidan ya ke. Daga Malumfashi zuwa birnin Katsina tafiyar wajen mil 100 ce. Manomi ba ya barin gona da damina, da kaka kuwa ga girbi ga tsinkar auduga, da rani ga gyaran gida da neman abin kashewa. In ma ya daure ya biya kuɗin mota ya isa, galibin rubutun da ke jikin kayan da Turanci ne, shi kuwa Hausa ya koya a ajin Yaƙi da Jahilci. Sai ya tsaya yana kallo kamar baƙo a gidan ubansa. Ga shi babba, ba a tsara zagayen don irinsa ba, gama an saba da yara masu rigar makaranta da baƙi masu ɗaukar hoto.

Ko da an kawar da wannan, da sauran wata matsala wadda ta fi ta zurfi, ita ce irin tarihin da a ke zaɓa a faɗa. Tarihin Katsina da aka fi ji shi ne na birni da fada: Muhammadu Korau da takobinsa Gajere, hasumiyar Gobarau, zuwan Ummarun Dallaji lokacin jihadi, zuwan Turawa a 1903, sarautar Sarki Muhammadu Dikko. Labari ne mai daɗi, kuma na kowane Bakatsine ne. Amma wa ya ciyar da birnin? Ƙasashen kudu, wajen Maska da Gozaki da Kogo, su ne masu ruwan sama da ƙasa mai albarka, nan a ke noman dawa da auduga, nan masaƙa da marina suka yawaita tun kafin a san Bature. Marigayi Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya bi garuruwan nan yana tambayar tsofaffi, ya zuba abin da ya samu cikin littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981. Ya nuna sarai cewa ba a fahimtar sarautar birni sai an dubi ƙauyuka da sana'o'insu. Littafin da Turanci ya ke, Turancin jami'a ma, har jikokin tsofaffin da suka ba shi labari ba kowa cikinsu ke iya karanta shi ba.

Gaskiya ne a kan ga garma ko fartanya ko mazari a gidajen kayan tarihi. Sai dai a kan ajiye su ne a matsayin "kayan gargajiya" kawai, ba sunan gari, ba shekara, ba sunan maƙerin da ya ƙera. Takobin sarki yana da suna da kirari, garmar talaka kuwa ta zama kamar daga sama ta faɗo. Mai kallo sai ya ɗauka noma ba shi da tarihi, yadda a ke yinsa yau haka a ke yi tun fil azal. Wannan kuwa kuskure ne babba, kuma ƙasar Malumfashi ita ce shaida.

A dubi labarin auduga kaɗai. A 1902 masu masaƙun birnin Mancesta na Ingila suka kafa kamfanin B.C.G.A. don neman auduga daga ƙasashen da ke hannun Ingila. Wajen 1912 aka shigo da irin Amurka mai dogon zare wanda a ke kira Alan, ya yi ta korar audugar gida har ya rinjaye ta. Aka kafa gonar iri a Daudawa, aka gina injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka tsayar da kasuwannin auduga inda malami ke dubawa ya ba ta lamba kafin a auna. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa ta isa Kauran Namoda a 1929, daga nan Funtuwa ta bunƙasa ta shafe tsohuwar Maska. A 1949 aka kafa hukumar sayen auduga wadda ke yanke farashi, ita kaɗai ke da ikon fitarwa ƙetare, ba a rushe irin waɗannan hukumomi ba sai 1986. A 1975 kuma aka fara babban shirin raya aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, aka shigo da takin zamani da sabon irin masara. Yau mai bin hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi da damina masara zai fi gani, alhali kakanninsa dawa da auduga suka sani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya shiga rumbun manomi, ya taɓa bashinsa, ya taɓa auren 'yarsa. In wannan ba tarihi ba ne, to, mene ne?

Abin mamaki, rabin labarin nan a rubuce ya ke, yana kwance a Kaduna. A cikin takardun Lardin Katsina akwai rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta sa'ad da su ke zagaya ƙasashen hakimai don yanka haraji. Su kan ƙidaya ƙauyuka da magidanta, da shanu da tumaki, da masaƙa da marina, su rubuta abin da a ke nomawa da kuɗin da a ke sayar da shi a kasuwa, wani lokaci har da asalin gari kamar yadda dagaci ya faɗa musu. Malumfashi kuwa mazaunin Galadiman Katsina ce, ba ƙaramar ƙasa ba ce da za a manta da ita a irin wannan lissafi. Mutumin da zai ji an karanta masa sunan ƙauyensu da yawan gidajensa shekara 100 da suka wuce, ba sai an roƙe shi ya saurara ba. Amma masu buɗe fayilolin nan yawanci ɗaliban jami'a ne da masu neman digiri daga ƙetare, sai kuma masu shari'ar gona ko rikicin sarauta. Takardun kuwa suna tsufa, wasu sun yi rauni har ba su jure yawan taɓawa.

Kada a ɗauka duk abin da Di'o ya rubuta gaskiya ne. Haraji ya kawo shi, mutane kuma sun sani. Bafillace ya kan kora rabin garkensa daji kafin a zo ƙirgar jangali, magidanci ya kan ɓoye ƙato ya ce yaro ne, tafinta kuma ya kan faɗi abin da zai faranta wa maigidansa rai. Haka nan tsoho in yana ba da labari ya kan ƙara wa kakansa tsawo. Ai nan ne ma ilmin ya ke: a karanta takarda a gaban tsofaffi, su ce nan ta yi daidai, nan an yi wa Bature wayo, takarda kuma ta gyara musu shekara inda suka ruɗe. Wanda ya zauna irin wannan zama sau ɗaya ya koyi auna magana, abin da zai amfane shi ko a kasuwa ko a gaban ɗan siyasa.

An taɓa gwada sauraron talaka, an kuwa ga amfaninsa. A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa mai suna Baba, mutuniyar Karo ta ƙasar Kano, ba nisa da iyakar kudancin Katsina, ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga a 1954. Ba 'yar sarki ba ce, ba ta yi karatu ba, amma daga bakinta duniya ta san yadda a ke zaman rinji da bayi, da fargabar mahara, da aure da goyo. Gidajen tarihi ba su cika son taɓa zancen bauta ba, haka kuma zancen Maguzawa waɗanda har yanzu a ke samu a ƙasar Malumfashi, don gudun ɓacin rai. Ana iya gane dalilinsu. Amma abin da aka ƙi faɗa da ilmi, a kan ji shi a bakin 'yan gori.

Rashin koyar da manomi yana jawo hasara ko ga gidajen su kansu, domin shi ne ke tona ƙasa. Sanannen kan mutum na yumɓu wanda ya sa aka gane tsufan al'adar Nok, an same shi ne a 1943 bayan wani ya kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye, har labari ya kai ga Bernard Fagg, wanda daga baya ya kafa gidan tarihi na Jos. Wannan ya tsira. Amma bayan 1990 aka yi ta haƙe irin waɗannan gumaka a ƙasashen Katsina da Sakkwato ana sayar wa dillalai da araha, su kuma su fitar Turai, har a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya. Doka ta hana fitar da kayan tarihi tun 1953. Wa ya taɓa zuwa kasuwar ƙauye ya faɗa wa mai fartanya haka da harshen da ya ke ji? Kaburburan Durɓi ta Kusheyi da ke wajen Mani an tona su a 1907, aka sake a 1992, aka sami tasoshin ƙarfe da awarwaron hauren giwa da zinariya. An kai su birnin Mainz na Jamus aka gyara, aka nuna wa mutane can a 2011. Da za a tambayi masu cin kasuwar Malumfashi, da wuya a sami da yawa waɗanda suka taɓa ganin ko hotonsu.

Maƙwabta sun bi wata hanya dabam. Gidan tarihi na Yamai a ƙasar Nijar, wanda aka kafa a 1959, an yi shi fili ne a buɗe, da maƙera da masaƙa da dukawa suna aikinsu a ciki mutane na kallo suna saye, don haka talaka ba ya jin kunyar shiga. A nan gida ma ba sabon abu ba ne a kai wa mutum ilmi har ƙofarsa. Zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959 ta buga ƙananan littattafai masu araha, Lardin Katsina ya sami jaridarsa mai suna Himma, majigi kuma ya riƙa bin ƙauyuka da dare. Abin da aka yi da motoci ƙalilan da hanyoyi marasa kwalta bai kamata ya gagara ba yanzu da ke akwai gidajen rediyo da yawa, da wayar hannu mai ɗaukar hoto da murya a aljihun kusan kowane saurayi.

Abin da a ke bukata ba gini ba ne. A fassara rahoton ƙasar hakimi guda ɗaya zuwa Hausa, a buga shi ɗan littafi, a ba malaman ajin manya su karantar da shi. A ɗauki hotunan kaya da na takardu a kai su ranar kasuwa, ko a rataye a makarantar gari da rani. Waɗanda suka sauke karatun manya kuwa su ne ma'aikatan da a ke nema, gama sun iya rubutu kuma tsofaffi ba su jin nauyinsu. Kowa da littafin rubutu na iya zama da kakarsa ya rubuta abin da ta ji game da yunwar Ƙaƙalaba ta 1914, ko abin da ta gani a farin 1973, da sunan mai faɗa da garinsa da ranar da aka rubuta, sa'an nan gidan tarihi ya karɓa ya ajiye kwafi, ya mayar da na asali.

Lokaci kuwa ya ƙure. Waɗanda suka ga zuwan jirgin ƙasa Funtuwa sun ƙare. Saurayin da ke da shekara 20 sa'ad da aka fara shirin gona na 1975 ya cika 70 a 2025. Ga kuma tashin hankalin 'yan bindiga a wajen Faskari da Ƙanƙara, wanda ya tashi ƙauyuka da dama, ya watsa tsofaffinsu cikin garuruwa inda ba wanda ya san su balle ya tambaye su sunan wanda ya sari garinsu.