Aljani a Matsayin Masoyi Cikin Ƙagaggun Labaran Hausa: Matsalar Sabon Marubuci a Yankin Nguru da Gashuwa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ire-iren ƙagaggun labaran da matasa ke rubutawa da Hausa akwai wani rukuni wanda manazarta ba su cika tsayawa a kansa ba, wato labaran da ake ƙulla soyayya a cikinsu tsakanin ɗan'adam da aljan. Sau da yawa akan yi musu kuɗin goro, a ce ko dai kwaikwayon finafinan Indiya ne, ko kuma tatsuniya ce aka sake wa riga. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa wannan jigo yana da tsohon tushe a adabin Hausa, kuma yana tattare da wani ƙulli wanda marubucin Hausa ba zai iya warware shi ta hanyar da takwaransa na Turai ke bi ba. Daga nan za a dubi halin da sabon marubuci ke shiga idan ya tunkari wannan jigo alhali yana zaune nesa da Kano, cibiyar buga littattafai da sayar da su. An ɗauki yankin Dagona, tsakanin Nguru da Gashuwa a arewacin Jihar Yobe, a matsayin misali.

2.0 Tushen Jigon

Aljanu sun shiga rubutaccen zube na Hausa tun daga farkonsa. A cikin littattafan da suka biyo bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin jagorancin Rupert East, akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma a cikin kowannensu tauraro ya yi hulɗa da aljanu. Sai dai a waɗannan ayyuka aljani mataimaki ne ko abokin gaba a fagen jarunta da yawon duniya. Bai zama abokin tarayya a cikin al'amarin so ba.

Littafin da ya fito da wannan sabon matsayi sarari shi ne So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda Kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980 bayan gasar da ya shirya. A cikinsa Boɗaɗo, 'yar Fulani, ta kamu da son Yasir wanda ba ɗan ƙabilarta ba ne. Bayan adawar dangi, sai kuma wata aljana ta shiga tsakani domin ita ma tana son Yasir. Abin lura a nan shi ne, littafin da ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta rubuta aka buga, shi ne kuma ya haɗa soyayya da aljanu a cikin zubi guda. Wannan ya faru shekara 25 kafin Stephenie Meyer ta Amurka ta fitar da Twilight a 2005, littafin da ya yayata soyayyar budurwa da halitta mai shan jini a kasuwar duniya.

Ba a musun tasirin finafinan Indiya, domin Brian Larkin ya nuna a 1997 yadda suka shiga jikin marubutan soyayya na Kano, kuma finafinai irin su Nagin na 1976, mai labarin macijiya da ke rikiɗa ta zama mace, sun daɗe a idon 'yan kallo. Amma marubucin Hausa yana da rijiyoyi uku a gida. Ta farko ita ce tatsuniya, inda budurwa mai ƙin samari ke ƙarewa da auren dodo ko maciji da ya zo mata a siffar kyakkyawan saurayi. Ta biyu ita ce bori, inda iskoki irin su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna ke da gidaje da dangantaka da halaye sanannu a birnin Jangare. Ta uku ita ce ilimin addinin Musulunci, inda samuwar aljanu ta tabbata da nassi, har akwai sura ta 72 mai ɗauke da sunansu.

3.0 Matsalar Warware Ƙulli

A nan ne bambanci ya fito. Mai karatu a Ingila ko Amurka bai yarda akwai halitta mai shan jini ba, saboda haka marubuciya tana da 'yancin ta ƙare labarinta da aure tsakanin budurwa da wannan halitta, mai karatu ya rufe littafi yana murna. Bahaushe mai karatu kuwa ya yi imani da samuwar aljani. Watakila ma ya san wata a unguwarsu da aka ce namijin dare ne ya hana ta aure, ko wani da aka ce aljana ta aure shi. A tsakiyar shekarun 1990 an yi yayin faɗuwar 'yan mata a makarantun sakandare na Kano, abin da aka riƙa kira Sumbuƙa, kuma a daidai wannan lokaci ne masu ruƙiyya suka yawaita. Abin da yake wasan tunani a wani wuri, a nan cuta ce da ake neman maganinta.

Su ma malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna batun. Badaruddin al-Shibli, malamin ƙarni na 14, ya tattara ra'ayoyi game da auren mutum da aljan a cikin littafinsa Akamul Marjan, kuma an ruwaito cewa Imamu Malik ya ƙyamaci abin saboda gudun ɓarna, kada mace ta yi ciki ta jingina shi ga aljani. Tun da mazhabar Malikiyya ce ta fi rinjaye a ƙasar Hausa, marubuci yana rubutu ne a gaban masu karatu waɗanda ba za su ɗauki irin wannan aure a matsayin kyakkyawan ƙarshe ba.

Sakamakon haka, zubin irin waɗannan labarai yakan bi ɗaya daga cikin hanyoyi uku. Ko dai aljana ta zama kishiya wadda za a yi galaba a kanta, kamar yadda ya auku a So Aljannar Duniya. Ko aljanin ya kasance Musulmi mai adalci wanda zai janye da kansa domin ya bar budurwa ta auri jinsinta. Ko kuma a kawo malami a babi na ƙarshe ya yi karatu, aljani ya ƙone. Hanya ta uku ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce ta fi raunana labari. Dalili kuwa shi ne, taurarin da aka bi tun daga shafi na farko ba su ne suka warware matsalarsu ba. An ɗauko wani daga waje ne ya yanke igiyar da ya kamata a kwance. Hanya ta biyu ta fi wuya, amma ita ce ke ba da damar a ga so da hasara a tare, domin wanda ya fi ƙarfi shi ne ya haƙura.

4.0 Sabon Marubuci da Kasuwa

Daga tsakiyar shekarun 1980 marubutan Hausa suka koma buga littattafansu da kansu, bayan da manyan kamfanoni suka ja baya saboda taɓarɓarewar tattalin arziki. A wannan yanayi ne aka sami Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987 da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, aka kuma kafa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama. Ibrahim Malumfashi ya kira wannan yunƙuri Adabin Kasuwar Kano, yana mai kwatanta shi da na Onica, sunan da ya jawo doguwar muhawara da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme a shafukan jaridu. A cikin wannan kasuwa ne marubuta irin su Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej Hotoro suka yi suna a labaran ban tsoro da na al'ajabi.

Tsarin kasuwar ya shafi zubin labari kai tsaye. Ana raba littafi kashi biyu ko uku domin kuɗin na farko ya buga na biyu, don haka tilas kowane kashi ya tsaya a inda hankalin mai karatu ya tashi. Aljani kuwa ya dace da wannan buƙata fiye da kowane tauraro, tun da yana iya bayyana ko ya ɓace a duk lokacin da marubuci ya ga dama. Wannan sauƙi shi ne tarkon sabon marubuci: duk inda labari ya cije masa, sai ya kira aljani.

Ga wanda ke zaune a Nguru ko Gashuwa akwai ƙarin nauyi. Ko da yake layin dogo ya haɗa Nguru da Kano tun wajen 1930, tazarar ta wuce kilomita 200, kuma a zamanin littafin takarda maɗaba'a da dillali da mai zanen bango galibi a Kano suke. Har ila yau akwai idon hukuma. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, a 2007 aka ƙona wasu littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, a 2008 kuma hukumar ta nemi marubuta su yi rajista. Mai rubutu a kan aljanu yana tsakanin zargi biyu: na ɓata tarbiyya saboda soyayya, da na yaɗa camfi saboda iskoki. Zuwan wayar hannu da intanet ya rage wahalar nisa, kuma gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta buɗe wa sababbin marubuta mata ƙofa. Amma rubutun da ake saki shafi-shafi a waya ya gaji cutar nan ta tsayawa a kan gaɓa, kuma babu edita a tsakani.

5.0 Dagona da Batun Muhalli

Wani rauni da ake yawan gani a irin waɗannan labarai shi ne rashin muhalli. Aljani yakan bayyana a cikin katafaren gida mai benaye, a wani gari wanda zai iya zama Kano ko Abuja ko Dubai. Alhali a tunanin Bahaushe aljani yana da mazauni da lokaci: tsamiya, kuka, juji, kufai, gulbi, tsakar rana da almuru. Idan aka raba shi da waɗannan, sai ya koma attajiri mai sihiri kawai.

Dagona tana cikin dausayin Haɗejiya da Nguru, inda ruwan kogin Haɗejiya da na Jama'are ke malala kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe. Tafkinta mafaka ce ta tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai a lokacin sanyi. Yarima Filib na Ingila ya ziyarci wurin a 1989, an sa shi cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Cadi da aka kafa a 1991, kuma a 2008 aka shigar da tafkin cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya. Mutanen yankin Badawa ne da Mangawa da Fulani da Hausawa, masunta da manoman shinkafa da makiyaya. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin ambaliyar shekara-shekara ya sauya, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta cinye gonaki da wuraren su.

Marubucin da ya tashi a irin wannan wuri yana riƙe da abin da takwaransa na birni ba shi da shi. Baƙon da ke zuwa da hunturu ya tafi da bazara, kamar tsuntsayen Dagona, ya riga ya ba labari doka: masoyi yana da lokacin zuwa da na tafiya, kuma ba marubuci ne ya ƙaga masa ba. Ruwan da ke janyewa yana ba da dalilin rabuwa wanda ya fi ƙonewar aljani ma'ana, domin mazaunin ruwa ba zai zauna a inda ruwa ya ƙafe ba. Masunci mai shiga kwalekwale kafin asuba, da Sarkin Ruwa da ake neman izininsa, da budurwar da ke kai busasshen kifi kasuwar Gashuwa, duk taurari ne da ba a aro su daga fim ba.

Akwai kuma batun harshe. Ga wasu daga cikin mutanen yankin Hausa harshe ne na biyu, bayan Badanci ko Manganci ko Fulatanci. Ayyukan Russell Schuh a kan Badanci da Ngizim sun nuna irin ɗimbin kalmomin da waɗannan harsuna suka mallaka. Sabon marubuci yakan ji kunyar karin harshensa, ya goge duk wata kalma ta gida domin ya yi kama da Bakano. Daidaitacciyar Hausa ta dace da bakin mai ba da labari, amma babu abin da ya hana taurari su yi magana yadda ake yi a Nguru. Hafsat Abdulwaheed ta sa rayuwar rugar Fulani a cikin labarinta, wannan bai hana Hausawa karanta shi ba.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa soyayya da aljan jigo ne na gida wanda ya samo asali daga tatsuniya da bori da ilimin addini, kuma ya shiga rubutaccen zube tun 1980. Ta kuma nuna cewa imanin mai karatu da samuwar aljani shi ne ya hana labarin ƙarewa da aure, ya tilasta wa marubuci neman wata mafita. Saboda haka ana ba da shawarar manazarta su daina tsayawa a kan tambayar ko daga ina aka kwaikwayo labari, su riƙa auna shi da abubuwa uku: ko aljanin yana da dokar da ta ɗaure shi tun daga farko har ƙarshe, ko yana da mazaunin da mai karatu zai iya ganewa, da kuma ko taurarin ne da kansu suka biya farashin warware matsalarsu. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana kusa da wannan dausayi. Tattara tatsuniyoyi da labaran ruwa daga bakin masuntan Bade da na Nguru aiki ne da zai amfani mai nazarin harshe da sabon marubuci baki ɗaya, tun dattawan da suka san su suna raye.