A yi wa leda farashi

Kamfanonin Turai sun shiga yayin narka tsohuwar roba su mai da ita sabon mazubi. Ba don Allah suke yi ba: Tarayyar Turai ta ɗora musu dokar cewa daga 2030 kashi 30 cikin 100 na robar gorunan abin sha ya zama tsohuwa. Yayin ya kai har ga tambarin da ake liƙa wa gora da siririyar ledar da ake naɗe kaya.

Ina goyon bayan wannan yayi, dalilina kuwa yana Sukukutane, garin farar albasa. Duk wanda ya ratsa kasuwa bayan ta watse ya ga baƙar leda da ta piya wata sun maƙale a ƙaya, iska na kwasar saura zuwa garake. Akuya ta lashi gishirin da ke jiki ta haɗiye, ta yi ta ramewa ciki na kumbura. Sai mahauci ya farke tumbi a ga dunƙulen leda.

Nijar ta hana irin wannan leda tun Nuwamba 2014, da doka mai lamba 2014-63. To, ga ta nan a hannun kowane mai tebur. Amma ku lura, fasasshiyar buta da tsohon bokiti ba sa daɗewa a juji. 'Yan bola jari na ɗora su a sikeli, a kai Kano, a niƙa, a narka, su dawo mana takalma da robar wanki. Leda ce ba mai so: ba ta da nauyi, ga ƙasa, ga tawadar rubutu da ke ɓata narki. Yaro zai wuni yana tsinta bai haɗa kilo ba.

Ranar da masana'antu suka fara neman tsohuwar leda don yin tambari da ledar naɗi da ta renon dashe, ranar ce ledar za ta yi kuɗi, kuma abin da ke da kuɗi ba ya kwana a bola.

Sharaɗina guda ne. Ledar da ba a san me ta taɓa ɗauka ba, ko maganin ƙwari ne ko baƙin mai, kada ta kusanci koko mai zafi ko alala. Mahukuntan Dogon Dutsi da Tibiri, a taimaka a kafa sikelin sayen leda a ranakun kasuwa.