Matan da Ke Tuƙa Jiragen Yaƙi

Ranar 15 ga Oktoba, 2019, aka maƙala wa Tolulope Arotile da Kafayat Sanni lambar fukafukai a Abuja. Tolulope ce mace ta farko da ta tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a rundunar sojin saman Nijeriya, Kafayat kuwa ita ce mace ta farko da ta tuƙa jirgin yaƙi mai ɗan karen gudu. Hotunansu sun cika jaridu, kowa na sambarka. Abin da ba a cika gaya wa jama'a ba shi ne aikin da hannuwansu ke yi bayan an rufe ƙofar jirgin, alhali nan abin yabon yake.

Mai saukar ungulu ba ya barin gaɓa ko ɗaya ta huta. Hannun hagu yana kan sandar da ke ƙara wa farfelar sama cizon iska, jirgin ya hau ko ya sauka. Na dama yana kan sandar tsakiya, wadda ke karkata farfelar gaba, baya ko gefe. Ƙafafu biyu suna juya ƙaramar farfelar wutsiya. Wahalar ita ce, da ka taɓa ɗaya, sauran sun motsa. Ka ɗaga ta hagu, hancin jirgin ya nemi juyawa, sai ƙafa ta tare shi. Kafin ƙafa ta gama, jirgin ya fara zamewa gefe, sai hannun dama ya maido shi. Shi ya sa tsayuwa cik a sama ta fi gudu wuya ga ɗalibi. Gwana tana yin waɗannan gyare-gyare ƙanana ƙanana ba tare da an ga motsinta ba, kamar mai tallan nono da ke tsallake kwata ƙwaryarta ba ta ko girgiza ba.

Sannan ga ƙasarmu da halinta. Zafin bazara yana sa iska ta yi sako-sako, farfela ta rasa abin kamawa, don haka sai an lissafa nauyin mai, makamai da mutane kafin a tashi. Tolulope dama lissafi ta karanta a makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna. Wajen sauka a busasshen fili kuma, farfela takan tayar da ƙurar da ke rufe ido gaba ɗaya. A wannan ɗan lokaci jikin mutum yana yi masa ƙarya: ya ji kamar a tsaye yake, alhali jirgin na kwantawa gefe. Dole matuƙiya ta ƙi yarda da jikinta, ta yarda da allon na'ura. Da wannan gwanintar Tolulope ta shiga farmakin Gama Aiki kan 'yan bindiga a Jihar Neja.

Jirgin Kafayat, wadda ta yi horonta a Amurka, nasa gwajin daban ne. Idan ya yi kwana mai tsanani, nauyin jiki kan ninka har sau shida ko fiye. Mai kilo 60 ta ji kanta kilo 360. Jini ya gangara ƙafafu, gani ya dusashe, in aka yi sake sai suma. Akwai wando na musamman da ke kumbura ya matse cinya da ciki, ita kuma ta ɗaure tsokarta, tana fizgar numfashi gajere gajere, a lokaci guda tana magana da ƙasa ta rediyo, tana neman abin da aka aike ta.

To yaya ake riƙon masu wannan aiki? An kafa rundunar a 1964, amma sai a 2012 Blessing Liman, 'yar Zangon Kataf, ta zama matuƙiyarta ta farko. NDA ba ta fara ɗaukar mata a sahun mayaƙa ba sai 2011, kuma a 2017 jaridu suka ruwaito cewa ana shirin rufe wannan ƙofa, hukumar tsaro ta musanta. A gari kuwa, yarinya ta ce soja za ta shiga, tambayar farko da take sha ita ce, "To wa zai aure ki?" Ni wannan tambaya tana ba ni takaici, domin ba a yi wa yayanta ita. Lokacin da mota ta kaɗe Tolulope har ta rasu a barikin sojin sama na Kaduna ranar 14 ga Yuli, 2020, tana da shekara 24, ƙasa ta yi kuka, an binne ta da cikakkiyar girmamawar soja a Abuja. Ta cancanci haka.

Sai dai masu rai abin da suka fi buƙata shi ne kwalkwali da abin shaƙar iska daidai fuskarsu, tunda an daɗe ana auna irin waɗannan kaya da jikin maza, da kuma sa'o'in tashi masu yawa, domin hannun da ya kwana biyu bai riƙe sanda ba yakan yi sanyi. Maƙwabtanmu sun nuna yadda ake yi. Ouma Laouali ta zama matuƙiyar soja ta farko a Nijar a 2015, tana tuƙa ƙaramin jirgin Cessna. Ba a bar ta a nan don ado ba. A 2020 ta kammala horo a Amurka kan C-130, ƙaton jirgin dakon sojoji da kaya mai inji huɗu.