Yadda Ake Sa Harafin Sinanci A Hannun Yaro

A makarantun firamare na ƙasar Sin, tun daga 2011 ma'aikatar ilimi ta ba da umarni a ware wa 'yan aji 3 zuwa 6 darasi ɗaya a kowane mako don rubutun hannu. Yaro zai fita firamare yana gane haruffa wajen 3,000, kuma kowane harafi gini ne na layuka masu tsari. Waya tana iya fito wa mutum da harafi in ya buga sautinsa, shi ya sa ake samun babban mutum ya ɗauki biro harafin ya ɓace masa. Malamin kirki kuwa ta hannu yake bi.

Kayan aiki huɗu ne: buroshi, sandar tawada, dutsen niƙa ta, da takarda. Sandar tawada kunkunniyar hayaƙin itace ce aka kwaɓa da danƙon fatar dabba, aka busar. Wanda ya taɓa haɗa tawadar allo da gawayi da ƙaro zai gane dabarar nan take. Ɗalibi zai ɗiga ruwa kaɗan a kan dutsen, ya tsayar da sandar cak, ya yi ta juyawa a hankali har ruwan ya yi kauri ya yi sheƙi. Akwai ta kwalba a kasuwa, mai son jiki ita yake saye. Amma niƙan nan yana kwantar da gaggawar yaro kafin ya taɓa takarda.

Buroshin gora ne aka dasa wa gashin akuya ko na zomo. A tsaye ake riƙe shi, yatsu biyar duk suna aiki, tafin hannu a buɗe. Layin kwance ɗaya tak motsi uku ne. Bakin buroshi zai ɗan koma hagu don ya ɓoye tsininsa, a danna, a ja zuwa dama, sannan a dakata a ɗan komo baya a ɗaga. Takardar Xuan, wadda ake yi a gundumar Jing ta lardin Anhui, ba ta rufa asiri. Ka daɗe a wuri ɗaya, tawada ta bazu. Ka yi sauri, layi ya fito a bushe. Gyara kuma babu.

Da farko yaro bin sawu yake yi, yana ɗora baƙi a kan haruffan da aka buga da ja, cikin murabba'in da aka raba da layuka don ya san inda kowane zane zai tsaya. Akwai ƙa'ida: sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, kwance kafin tsaye. Harafin 永, mai nufin dawwama, shi malamai suka fi so, domin ya tattara motsin buroshi takwas na tushe, daga ɗigo har ƙugiya.

Inda darasin ya fi armashi shi ne wurin harhaɗawa. Malami zai ba da laka ko tsinkaye a ƙera 木, itace. A jera biyu, 林, kurmi. A ɗora na uku, 森, ƙungurmin daji. A jingina mutum da itacen, an sami 休, hutawa. Ɗigo uku a gefen hagu alamar ruwa ce, kuma yaron da ya gane haka zai hango ta a cikin haruffan kogi, teku da wanki tun ba a gaya masa ba. Irin waɗannan ginshiƙai 214 ne a ƙamus na Sarki Kangxi na 1716.

In bikin sabuwar shekara ya matso, almakashi ke fitowa. Harafin 春, bazara, ɓangarensa na hagu da na dama kusan ɗaya ne, don haka sai a ninke jar takarda biyu, a zana rabinsa a bakin ninkin, a yanke. In aka buɗe, ga harafi cikakke na liƙawa a taga. Wanda ya karkace layi ɗaya zai ga karkacewar ta fito sau biyu, sai ya ɗauko wata takardar.