Sarauniya a Cikin Akwati, 'Yar Talla a Bakin Rumfa

Wata rana bayan la'asar na tsaya a wata rumfar zana a Bangi, cikin gundumar Madawa, inda aka jona talabijin da batirin sola, samari suka yi cincirindo, biyu suna riƙe da abin latsawa suna buga ƙwallo a cikin akwati, sauran suna jiran layi da 'yan kuɗinsu a dunƙule. A bakin rumfar kuwa wata yarinya ce tsaye da faifan gyaɗa a ka, tana leƙe ta saman kafaɗunsu, alhali ba wanda ya hana ta shiga, ba kuma wanda ya yi tsammanin za ta shiga. Wannan rabo ya girmi lantarki, domin tun kaka da kakanni langa da kokawa na maza ne, gaɗa da carafke na 'yan mata.

Amma abin da ya fi cancantar nazari shi ne surar da masu ƙaga wannan fanni suka yi wa mace, domin wasan bidiyo, kamar tatsuniya, yana da zahiri da baɗini. A Donkey Kong na 1981, da Super Mario Bros. na 1985, waɗanda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar, mace abar sacewa ce, ladan wahalar gwarzo, ba ta da aiki face jira. La'alla wani ya ce ai mu ma muna da kwatankwacin haka a ƙissar Bayajida, wanda ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu ya auri sarauniya. Sai dai ƙiyasin bai cika ba, saboda Daurama tana bisa gadon mulkinta baƙon ya tarar da ita, ita ce kuma ta yanke ladan. Daga baya masu sana'ar suka juya al'amarin, suka ɓoye mace cikin sulke a Metroid na 1986, ba a gane ta sai a ƙarshe, sannan Lara Croft ta fito a 1996 da bindiga biyu da tufafin da ba a ɗinka su don yaƙi ba.

Mu ma rabonmu ya iso. A 2021 aka sanya Hausawa cikin Age of Empires III, da mayaƙan lifidi, da Amina ta Zazzau a matsayin shugabarsu, kuma a 2025 ta sake bayyana a Civilization VII. Na yi murna, ba na musu. Amma da na yi tadabburi sai na ga ba su zaɓe ta ba sai don ta dace da ma'aunin da suke da shi tun asali, wato cin garuruwa da gina ganuwa, har ya zamana mace ba ta samun shiga sai a ɗayan siffa biyu, ko ganima ko mai ɗibar ganima.

Alhali a ƙasar Gobir, wadda Bangi ke cikinta, akwai ikon mata na wani jinsi dabam. Innar Gobir tana da fadarta da mabiyanta, alamarta kuwa malfa. Kuma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa 'yan taru, ƙungiyar karantar da mata, sai ta ɗauki malfar nan ta aza wa jajojinta, wato jagororin ƙungiyar, ta naɗe ta da jan rawani, domin matan ƙauyuka su gane cewa ikon da suka sani ya koma hannun ilimi. Ishara ce wadda mai hikima zai iya gina wasa sukutum a kanta, na tafiya daga gari zuwa gari, da rarrashi, da karantarwa, da sasanta husuma, sai dai irin wannan nasara ba ta ƙirguwa da gawawwaki, injin kuwa ƙirge ya iya.

Da aka kira magariba mai rumfa ya zare waya don ya tanadi batiri, samarin suka watse suna gardamar wanda ya ci, biyu daga cikinsu suka sayi gyaɗa a wurin yarinyar.